Yadda Ake Zura Faifai a Kwando da Jifan Gaban Hannu

Wata Asabar da safe, a wani fili da muke haɗuwa a wajen Agege, faifan wani ƙanena ya je ya kwanta a gindin mangwaro. Tsakaninsa da kwando bai fi mita 7 ba, amma kututturen ya tsaya masa ƙiƙam a gaba. Ya leƙa ta hagu, reshe ya sauko har ƙirji. Ya leƙa ta dama, hanya fes, sai dai hannunsa ba zai kai can ba da irin jifan da ya saba. Ya juyo ya ce, "Yaya, yanzu ya zan yi?" Na ce ya bar ƙafar hagu a inda take, ya miƙa ta dama gefe, ya juya tafin hannunsa sama. Ya yi duk wannan daidai, sannan ya jefa da ƙarfin mai korar akuya daga shanya. Faifan ya wuce kwandon da kusan mita 6, jifa ɗaya ya koma uku.

Ga wanda bai san wasan ba: golf ɗin faifai tsarinsa ɗaya ne da golf ɗin da ake bugawa da sanda da ƙwallo a Ikoyi ko Ikeja, sai dai a nan faifan roba ake jefawa da hannu, kuma maimakon rami akwai kwandon ƙarfe a kan sanda, da sarƙoƙi suna rataye a samansa domin su tare faifan ya faɗa ciki. Wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Wani Ba'amurke, Ed Headrick, shi ya ƙirƙiro wannan kwando mai sarƙa, shi ne kuma ya kafa PDGA, ƙungiyar 'yan wasan golf ɗin faifai, a 1976, wadda dokokinta ake bi har yau.

Yawancin 'yan wasa idan sun matso kusa da kwando da bayan hannu suke jefawa, wato bayan hannun ne ke fuskantar kwandon, faifan ya taso daga wajen ciki ko ƙirji. Ni ma haka nake yi, kuma ba zan ce ka bar shi ba. Jifan gaban hannu, wanda tafin hannu ke kallon sama, hannun kuma ya fito ta gefen jiki, na ranar matsi ne: bishiya ta tare ka, reshe ya hana ka miƙewa, ko hanyar da ta rage tana buƙatar faifan ya lanƙwasa dama. Duk wanda ya taɓa jefa tsingaro a kan ruwan kududdufi yana ƙirga tsallensa ya riga ya san motsin. Abin da ya rage shi ne a rage masa ƙarfi, a ƙara masa tsafta. Bayanin da ke tafe na mai hannun dama ne. Bahago ya juya komai, inda na ce dama ya karanta hagu.

Zaɓen faifai

Faifan da ake kusantar kwando da shi, wanda 'yan wasa ke kira fota, yana da baki mai kauri da ciki mai zurfi. Zurfin nan yana da daɗi a jifan bayan hannu, amma a gaban hannu shi ne ke riƙe yatsa lokacin saki, faifan ya fita yana ɓari. Saboda haka ka nemi wanda samansa a shimfiɗe yake, cikinsa bai cika zurfi ba, kuma babu ɗan tudun nan da ke zagaye ƙarƙashin bakin wasu faifan.

A jikin yawancin faifai za ka ga lambobi huɗu: gudu, shawagi, juyawa a farkon tafiya, da lanƙwasa a ƙarshenta. Innova Aviar yana ɗauke da 2, 3, 0, 1, wato mai tafiya sak ne. Discraft Zone yana da 4, 3, 0, 3, kuma masu gaban hannu suna sonsa domin yana rufa asirin ɗan kuskuren saki, amma yana karya dama da ƙarfi a ƙarshe. Shawarata ka fara koyo da mai tafiya sak. Zai tona maka kowane kuskure, kuma abin da mai koyo ke buƙata ke nan. Nauyi kuwa, tsakanin giram 170 da 175 ya yi, musamman a Legas inda iska ba ta cika kwanciya ba.

Riƙo

A nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Ka riƙe faifan da hannun hagu a gabanka. Ka buɗe hannun dama kamar za ka nuna lamba biyu, manuni da na tsakiya a miƙe, sauran biyun a lanƙwashe. Ka cusa bakin faifan cikin kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni har ya zauna daram. Kada a bar rata a nan. Idan kana iya hango haske ta wannan kwarin, faifan zai yi rawa a hannunka tun kafin ya tashi.

Yatsan tsakiya ya shiga ƙarƙashi, naman kansa ya jingina da bangon bakin faifan ta ciki. Shi ne yatsan da faifan zai rabu da shi a ƙarshe, shi ke ba shi juyi. Manuni yana da wuri biyu da zai iya zama. Ko dai ya hau kan na tsakiya su haɗu, wanda shi ne riƙon jifa mai nisa, ko kuma ya ware ya miƙe ya nufi cibiyar faifan ta ƙasa. Don jifan kusa na fi son na biyun. Manunin da ya ware yana tallafe faifan kamar yadda mai talla ke tallafe tire da tafi, sai ka ji a hannunka ko ya karkata ko yana kwance daidai. Ƙarfi yana raguwa kaɗan, amma a mita 8 ba ƙarfi kake nema ba.

Babban yatsa ya zauna a sama, daidai inda kaurin baki ya haɗu da shimfiɗar faifan, ya matse a kan yatsun ƙasa. Matsi nawa? Ka sa wani ya kama ɗaya gefen ya ɗan ja. Idan ya zare shi cikin sauƙi, riƙon ya yi sako-sako. Idan kuma jijiyoyin damtsenka sun miƙe, ya yi yawa, wuyan hannu ba zai iya motsi ba. Yatsu su riƙe, wuyan hannu ya saki jiki.

Zufa fa? Wanda ke wasa a Legas ya san kafin rana ta ɗaga tafin hannu ya jiƙe. Tunda faifan a kan naman yatsa ɗaya yake rabuwa da hannu, ɗigon gumi ɗaya ya isa ya zame da wuri ya tafi dama. Ka rataya ƙaramin tawul a ƙugu, ka goge yatsu da cikin bakin faifan kafin kowane jifa, ba sai ka ji santsi ba. Garin alli a ɗan ƙyalle yana taimakawa. Kuma kada ka bar faifai a but ɗin mota cikin rana da cunkoso, roba mai laushi tana lanƙwashewa, musamman in an danne ta da kaya.

Tsayuwa da abin da doka ta ce

Inda faifanka ya tsaya shi ne alama. Kana iya barinsa a ƙasa ka jefa wani, ko ka ajiye ƙaramin faifan alama a gabansa ta ɓangaren kwando ka ɗauke babban. Wurin da aka ba ka ka taka yana bayan alamar ne, faɗinsa santimita 20, tsawonsa 30. A lokacin da faifai ke barin hannu dole wani sashe na jikinka da kake tsaye a kai ya taɓa wannan wurin, kuma babu wani sashe da zai taɓa ƙasa a inda ya fi bayan alamar kusa da kwando. Idan kana cikin mita 10 da kwando akwai ƙarin sharaɗi: bayan ka saki sai ka nuna kana tsaye da ƙafafunka, ba ka faɗa gaba ba, kafin ka taka zuwa kwandon. Hukuncin saɓa wannan shi ne a ƙara maka jifa ɗaya a lissafi.

Idan babu abin da ya tare ka, ka sa ƙafar hagu a gaba a bayan alama, ta dama a baya kuma ɗan gefe, jiki ya ɗan karkace yadda kafaɗar hagu za ta fi kusa da kwando. Gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, nauyi a ƙafar baya.

Idan kuma bishiya ce a gabanka, kamar ƙanena, ƙafar hagu ta zauna a bayan alama, ka ware ta dama gefe iya yadda za ka iya tsayawa ba tangaɗi, ka sauke nauyi a kanta. Da wannan buɗewa da tsawon hannunka za ka iya matsar da wurin sakin fiye da mita ɗaya zuwa dama, abin da bayan hannu ba zai ba ka ba. Kuskuren da na fi gani shi ne ƙafar dama ta saci hanya ta yi gaba. Ka ware ta gefe sak ko ma ɗan baya. Kafin ka ajiye ƙaramin faifan alama ma ka tsaya ka duba: barin babban faifan a ƙasa yana mayar da kai baya da kusan santimita 21, kuma sau da yawa wannan ɗan ja da bayan shi ke buɗe hanya ta gefen kututture. In reshe ya yi ƙasa sosai, durƙusa a gwiwa ɗaya. Doka ta yarda, gwiwa ma wurin tsayuwa ce.

Jifan kansa

Ka kawo gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, tazarar kamar dunƙulen hannu ɗaya. Faifan ya kasance tsakanin ƙugu da ƙirji, a kwance. Ka lanƙwasa wuyan hannu baya tun kafin ka fara motsi, ka bar shi a haka. Ja da baya kaɗan ne, bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Duk wanda ya kai hannu can bayan jiki don jifan mita 6 ya riga ya ɗebo ƙarfin da ba shi da inda zai kai shi.

Daga nan nauyi ya zarce daga ƙafar baya zuwa ta gaba a hankali, gwiwar hannu ta ɗan yi gaba, damtse ya biyo, sannan wuyan hannu ya fizga a ƙarshe, gajeren fizga, kamar mai yarfe ruwa daga yatsu bayan alwala. Faifan ya fita ta kan yatsan tsakiya. Idan ka yi daidai za ka ji ya goge naman yatsan ya tafi shiru.

Abu ɗaya da nake son ka riƙe fiye da komai: bayan saki, tafin hannu ya ci gaba da kallon sama, yatsu biyun suna nuna sandar kwando. Ka tsaya a haka ka dubi hannunka. Idan ka tarar ya kife yana kallon ƙasa, ka murɗa wuyan hannu, kuma shi ya sa faifan ya kife hagu ya sari ƙasa ya gangara. Ina ce wa masu koyo su ɗauka kamar suna miƙa wa babba abu ne da hannun dama, tafi a buɗe, cikin ladabi. Hannun da ke miƙa wa dattijo goro ba ya kifewa.

Sai bakin gaba na faifan. Ɗan ɗagawa kaɗan yana sa ya yi shawagi ya rage gudu, wanda ke da amfani a kusa. Idan ya ɗaga da yawa sai ya hau sama, ya tsaya, ya zube dama. Idan ka ga haka na faruwa, ka ɗan sunkuyar da wuyan hannu kamar mai tsiyaya ruwa daga buta.

Inda za ka sa ido

Faifan mai hannun dama a gaban hannu yana juyawa ne akasin hannun agogo in an kalle shi daga sama. Wannan yana haifar da abu biyu. Yana lanƙwasa dama idan gudunsa ya ragu, kuma idan ya taɓa sarƙa, juyin yana tura shi dama. Don haka idan ka bugi sarƙoƙin da ke dama da sanda, juyin zai fitar da shi waje. Idan ka bugi na ɗan hagu da sanda, juyin zai ja shi tsakiya ya faɗa ciki. Wanda ya saba da bayan hannu ya saba neman dama da sanda, kuma idonsa zai ci gaba da kai shi can sai ya gyara da gangan. Ka zaɓi zoben sarƙa guda ɗaya, faɗin yatsu uku ko huɗu hagu da sanda, a tsakiyar tsayin sarƙoƙin, ka kafa masa ido. A mita 8 zuwa 10 ka ƙara matsawa hagu da sama kaɗan domin lanƙwasar ta kawo shi.

Karkatar faifan a hannu ita ke zana hanyarsa. Ka sauke gefen dama, zai yi baka zuwa dama. Wannan shi ne na kewaye bishiya ta hagu, kuma shi ya fi sauƙi domin faifan can yake son zuwa dama ma. Ka ɗaga gefen dama, zai fara tafiya hagu, sannan ya miƙe. Wannan ne kake buƙata idan ka ware ƙafa dama amma kwandon yana ɗan ɓoye ta hagu. Ya fi wuya, kuma a nan ne jarabar murɗa wuyan hannu ke zuwa. Ka kafa karkatar tun a riƙo ta hanyar miƙe ƙugu da ɗan ɗaga hannu, kada ka nemi ƙirƙiro ta a lokacin saki.

Iska kuma sai an karanta ta kowane jifa. A wajen Lekki da sauran wuraren da ke kusa da teku takan ƙaru da rana, galibi daga kudu maso yamma. Iskar da ke bugo fuskarka tana ɗaga faifai, don haka ka nufi ƙasan sarƙa, bakin gaba a kwance, kuma nan ne irin su Zone ke da rana. Wadda ke bayanka tana danne shi, ka nufi sama ka ƙara ɗan gudu. Ta gefe: idan ka sauke gefen dama kuma iska na zuwa daga hagu, za ta shiga ƙarƙashinsa ta kwashe shi dama da nisa. Idan daga dama take, za ta bugi samansa ta kai shi ƙasa kafin ya isa. Ka tsinki ɗan busasshen ganye ka saki ka ga inda ya nufa, amma kada ka daɗe, daƙiƙa 30 ake ba mai jifa a kusa da kwando.

Akwai lokacin da bai kamata a nemi sarƙa ba sam. Jifan gaban hannu yana fita da gudu, idan ya kuskure yana tafiya, idan ya sauka a gefensa yana gangarawa. In bayan kwandon gangara ce, ko kwata, ko ruwan da ya kwanta bayan saman Yuni, ka ajiye shi a gindin sanda ka karɓi jifa biyu da hannu bibbiyu. Ina ganin wannan hukuncin ya fi gwanintar hannu muhimmanci, kuma shi ne aka fi jinkirin koya.

Atisaye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ranar da bishiya ta tare ka ce ranar farko da za ka gwada wannan jifa, sakamakon ƙanena za ka samu.

In ba ka da kwando, mai walda zai iya haɗa maka. Ka ba shi awo: bakin kwandon ya kai kusan santimita 82 daga ƙasa, faɗinsa kusan 66, tsakanin bakin da zoben sama da ke riƙe sarƙoƙi kusan rabin mita. Sarƙoƙi layi biyu, na ciki da na waje, kamar 24. Ka nemi sarƙa mai rufin da ke hana tsatsa, domin iskar Legas mai gishiri ba ta raga wa ƙarfe. Kafin a gama wannan, sanda ko jikin bishiyar kwakwa da aka ɗaura wa ƙyalle biyu, ɗaya a santimita 82, ɗaya rabin mita sama da shi, ya isa koyon nufi.

Ka fara da abokin wasa kafin kwando. Ku tsaya mita 5 tsakani kuna jefa wa juna, ba abin da kuke nema sai faifan ya tafi ba ɓari. Kwana biyu ko uku a kan wannan kaɗai ba asara ba ne. Idan ɓarin ya ƙi tafiya, ka duba abu uku bi da bi: ratar da ke kwarin babban yatsa, tafin da ke kifewa, da hannun da ke saukowa daga sama zuwa ƙasa alhali faifan a kwance yake. Hanyar da hannu ke bi da yadda faifan ke kwance dole su zama layi ɗaya.

Sannan ka zo kwando a mita 3. Sai ka zura 8 cikin 10 kafin ka ja baya da mita ɗaya. In ka kasa 5 cikin 10, ka dawo gaba. Kada ka ba wannan jifa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na lokacin atisayenka, ragowar na bayan hannu ne, tunda shi za ka fi jefawa a fili. Kuma idan ka ji zafi a cikin gwiwar hannu ta ɓangaren jiki, ka tsaya a ranar. Yawanci alama ce cewa gwiwar ta yi nisa da haƙarƙari ko kana fizga da ƙarfin da ya wuce kima. In zafin ya kwana biyu bai tafi ba, ka je a duba.

Da ka fara zura na mita 5 a fili, ka koma bayan bishiya. Ka ajiye alama taku ɗaya daga kututture, ka jefa biyar da ƙafa a ware, biyar a durƙushe, biyar masu kewayawa ta hagu. Mu yadda muke yi, kowa yana zaɓa wa ɗan'uwansa wuri mafi muni da zai iya samu, kuma duk faifan da ya kuskure sai mai shi ya je inda ya tsaya ya ƙarasa shi daga can. Ka riƙa auna wannan tazarar da taku kana rubutawa. Idan kuskurenka yana tsayawa cikin taku uku da kwando, ka kai matsayin da za ka fitar da jifan a wasa. Idan yana kai taku shida ko bakwai, ka rage jan hannu baya da rabi, ka koma mita 4.